Kuɗin Tasin Ofelia

Shekara talatin ina naɗe musu waya,
ni Celestino, mai ɗaukar lasifika.
Na san barkwancinsu kamar yunwar cikina,
na san inda tari ke shiga, inda dariya ke fita.

Daren Asabar a Rosario,
tsohon sito a bakin kogin Parana,
iska na kawo ƙarnin kifi da warin man jirgi.
'Yan Ƙusa Mai Tsatsa suka hau dandamali
a hankali, kamar masu hawa benen asibiti.

Anselmo ya cafki makirufo:
"Wa ya kalle mu a saba'in da takwas?"
Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona.
"To ku nemi kujera. Gwiwa ba ta yafiya."

Ya nuna mai ganguna da haɓa:
"Ga Rufino. Kunnensa na hagu ya yi ritaya,
na daman yana cike takardun fansho."
Rufino ya ɗaga sanda: "Me ya ce?"
"Na ce ka yi kyau yau!"
"Goma saura kwata," in ji Rufino.

Evaristo na ɗaure tsirkiyar jita.
Sumar da ta taɓa sauka har kafaɗa
ta yi ƙaura, ta tare a cikin kunnuwa.
"Da can furanni ake jefo mana," ya ce,
"jiya wata ta jefo min katin likitan ƙashi.
Na kira shi.
Mutumin kirki ne."

Suka saki uku a jere, kwanon rufi na kyarma,
tsofaffi na tsalle da izinin ƙugu.
Anselmo ya manta baiti na biyu,
ya miƙa wa taro makirufo: "Naku ne!"
Aka ɗauka karamci.
Ni da na manna masa takarda a ƙasa
na san tabaraunsa na cikin mota.

Akwai wata raha da ba ta tsufa.
Kullum kafin waƙar ƙarshe
yakan juya hagu, ya riƙe ƙugu:
"Ofelia, ina kuɗin tasin da na ranta miki a Cordoba?"
Ita kuwa, ko kai ba ta ɗagawa
daga babbar jitarta mai gurnani:
"Ran da ka iya waƙa, zan biya."

Ofelia ta tafi a watan Yuli, cikin tsananin sanyi.
A gurbinta akwai Lisandro,
yaron da bai kai shekarun bashin ba,
rungume da jitarta kamar jaririn maƙwabta.

Amma baki ya riga hankali.
Anselmo ya juya hagu, ya riƙe ƙugu,
ya yi tambayar har ƙarshenta
kafin ya ga wanda ke tsaye.

Shiru.
Na ji ƙugin wayar da ban ɗaure da kyau ba.
Yaron ya kalli takalminsa.
Evaristo ya shiga gyaran abin da bai lalace ba.

Sai daga can baya, wajen masu sayar da tsiren alade,
wata tsohuwa ta ɗaga murya,
na kusa da ita suka kama,
mutum dubu biyu, baki ɗaya:
"Ran da ka iya waƙa!"

Anselmo ya daɗe yana share gumi,
gumin da ya zaɓi ido ya tsaya.
"Dubu biyu," ya ce, "kun haddace amsa,
amma ba wanda ya zo da kuɗin."

"Me suka ce?" in ji Rufino.
"Sun ce ka ƙirga!"
Ya haɗa sanduna: ɗaya, biyu, uku,
ni kuma na ƙara wa jitar hagu murya
fiye da yadda aka umarce ni.